Wa ke naɗa alƙalan Babbar Kotun Tarayya?

Tambaya: Malam, kullum ina wucewa ta gaban Babbar Kotun Tarayya a nan Kano. Gwamna ne ke naɗa alƙalanta? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: A'a ɗan'uwa, ba ruwan gwamna. Shugaban ƙasa ne ke naɗa su, bayan Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta miƙa masa sunaye, kuma sai wanda ya shekara 10 da zama lauya. Babban Alƙalinta kuwa, sai Majalisar Dattawa ta amince tukuna. Asalinta ma kotun haraji ce da gwamnatin Gowon ta kafa a Legas a 1973. Ni kaina na daɗe ban san haka ba. Tsarin mulkin 1979 ne ya raɗa mata wannan suna.