Ku Tambaya a Ba Ku Amsa: Mayar da A-kori-kura Ɗakin Kwana

Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan abu ɗaya ne, wato yadda za a gyara bayan mota a zauna a ciki na watanni, ana tafe ana kwana. Mun haɗa masu kama da juna, makaniki da rewaya da mai walda na wannan fili suka amsa.

Tambaya: Ina da Hilux mai ƙofa huɗu. Na yi ritaya, ina so ni da uwargida mu zaga Bauci, Yola, Mambila, mu leƙa Nijar in hali ya yi. Wani mai walda a Sabon Gari ya ce zai ƙera min ɗaki da fayif mai kauri, ya ƙara tsawon bodin da rabin mita don gado ya shiga. In ba shi aikin? (Daga Samaru)

Amsa: Alhaji, Allah Ya sanya alheri, amma a dakata da walda tukuna. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, a cika tanki, a kai motar inda ake auna manyan motoci a sikeli, irin na kamfanonin hatsi ko masu sayen tsohon ƙarfe. A auna ta gaba ɗaya, sannan a auna tayoyin baya su kaɗai. Littafin motar yana ɗauke da iyakar nauyin da aka yarda ta kai. In ka cire abin da sikeli ya nuna daga wannan adadi, ragowar shi ne abin da za ka iya ɗora mata. A Hilux mai ƙofa huɗu yakan faɗa tsakanin kilo 800 da 1,000, kuma har da ku mutanen ciki.

Yanzu mu yi lissafi. Kai da Hajiya kilo 150. Rumfar kanta, wato ɗakin da za a ƙera, 200. Gado, katifa da durowoyi 90. Ruwa lita 80 da mazubinsa 90. Batir, sola da firij 80. Safaya ta biyu 30, kayan aiki da jak 40, jarkar dizal biyu 40, abinci da tufafi da tukunyar gas 80. Ka ga an kai 800 ba a saka buhun shinkafar tsaraba ba.

Shi ya sa ba mu yarda da fayif mai kauri ba. Masu waldar gida sun saba da ƙofar shago da tagar gida, inda nauyi ado ne. Fayif mai kusurwa huɗu na milimita 40 da kaurin 2 yana da nauyin kilo 2.3 a kowace mita. Na milimita 25 da kaurin 1.5 bai wuce kilo 1.1 ba. A yi gindi da ginshiƙan kusurwa da babban, sauran haƙarƙarin duk da ƙaramin, a sa ƙarfe a karkace a kusurwoyi don kada ta riƙa lilo. A rufe da falankin alminiyam, a bar baƙin kwano. Katakon ciki filawud mai milimita 12 ya isa. Na 18 falle ɗaya ya haura kilo 30.

Maganar ƙara tsawo kuwa, a nan motoci masu ƙofa huɗu suke karyewa. Tsawon bodinsu kimanin mita ɗaya da rabi ne, kuma kusan rabinsa yana bayan tayoyin baya. Duk abin da ka rataya can ƙarshe, safaya ce ko jarka, yana danna baya yana ɗaga gaba. In ka faɗa rami da gudu, shasi sai ya lanƙwashe daidai tsakanin kan mota da bodi, ka ga ratar da ke tsakaninsu ta buɗe ta sama kamar bakin almakashi. Gyaransa ba ya komawa daidai. Abin da ya fi shi ne gado mai zamewa: a tafiya yana naɗe a ciki, da dare a sauke ƙofar baya a jawo shi a kanta, a samu ƙarin kusan rabin mita, a rufe da tamfol da raga. Ko kuma a ɗaga gadon ya haye saman kan motar, amma wannan yana ƙara tsayi, motar ta riƙa tangaɗi a kwana, ga shan mai. Kujerar baya ma in ba a buƙatarta a cire ta, a sa firij da batir a wurin, don nauyi ya zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Kada a yi wa rumfar walda a jikin shasi, kada kuma a haɗa ta da kan mota. Shasi yana murɗewa a hanya mara kyau, kai da bodi kowanne da nasa motsin. A ɗaure da kusoshi masu noti na milimita 10 a wuri shida, da farantin ƙarfe ta ƙasa da roba a tsakani, a bar rata ta yatsa uku tsakaninta da kan motar. A sake matse notin bayan tafiyar farko. In dole a yi walda a jikin motar, a cire kan batir, in ba haka ba ƙwaƙwalwar injin tana iya ƙonewa.

Za a ce maka a ƙara ganyen sifirin shi ke nan. Ƙarin ganye ɗaya yana ɗaga bayan motar ta daina zama, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai canza boris ɗin taya ba. Gangaren Mambila, daga saman tsauni zuwa Mayo Selbe, yana cinye birkin motar da aka cika wa kaya. A sauko da ƙaramar giya.

Tambaya: Na sayi firij na mota, rewaya ya jona min a batirin motar. Duk safiya sai an tura ni. Wani ya ce in sayi batirin inbata na gida. Kuma ko zan iya sa AC? (Daga Tudun Wada)

Amsa: Malam, batirin tada mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu, altaneta ta mayar masa nan take. In ana tsotse shi kowane dare, ba zai daɗe ba. Kana buƙatar batir na biyu wanda ba ruwansa da na injin.

Ga abin da kayanka za su ci a yini. Firij mai wat 45, a zafin bazara yana aiki kamar rabin lokaci, wat-awa 540. Fanka mai wat 15 na awa takwas, 120. Fitilu 40. Wayoyi da kwamfuta 100. Jimla 800, wato kimanin Ah 66 (amfiya-awa, ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) a batir mai bolt 12. Batirin dalma mai Ah 100 rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, don haka bai isa ba. Na inbata mai ruwa, mai Ah 200, zai ɗauka, amma nauyinsa kusan kilo 60 ne, ruwansa yana fantsama a gargada ya cinye ƙarfe, kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Ba abin kwana da shi ba ne. Batirin lithium, nau'in LiFePO4, mai Ah 100 bai wuce kilo 13 ba, yana ba ka kusan 90. Ya fi tsada, amma shi muka zaɓa. Ba ya son zafi, don haka kada a sa shi kusa da injin ko a saman salansa.

Caji ta hanya biyu ne. Ta farko sola wat 300 a rufi da na'urar daidaita cajin sola, wato MPPT, mai amfiya 30: rana mai ƙarfi ta awa biyar, a cire asarar zafi da ƙura, za ka samu wat-awa 1,000 ko sama kaɗan. Wat 200 yana tsayawa a 700, ƙasa da buƙatarka. A hunturu hazo da ƙura suna rage shi sosai, a goge fanel kowace safiya. Hanya ta biyu ita ce caja mai DC-DC ta amfiya 30 daga batirin injin; tafiyar awa biyu, kamar Zariya zuwa Kano, ta kusa mayar da abin da ka ci jiya. Kada a bari rewaya ya haɗa lithium da altaneta da waya kai tsaye. Yana zuƙar wuta ba iyaka, altaneta ta yi zafi ta ƙone, musamman in motar tana tsaye injin na aiki a hankali.

Wayar daga gaba zuwa baya ta kasance jan ƙarfe zalla mai kaurin sikwaya milimita 16. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe; a kankare silin da wuƙa, in fari ya fito a ajiye. A sa fiyus na amfiya 40 ko 50 a jikin kowane batir, bai wuce taki ɗaya daga kan batirin ba. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Yawancin gobarar irin waɗannan motoci daga nan take tashi: girgiza ta sa bakin ƙarfe ya yanke robar waya, ba fiyus da zai katse.

AC a manta da shi. Mai doki ɗaya yana cin abin da ya ninka duk lissafin nan sau shida ko bakwai a dare guda.

Tambaya: Rumfar da na yi ta zama tanda a watan Afrilu, kuma in na yi tafiya a hanyar burji sai na share ƙura a kan katifa, alhali a rufe take. (Daga Kwangila)

Amsa: Zafin daga rufi yake shigowa. A fenta shi fari, a ɗora sola da ratar yatsa biyu ko uku don iska ta bi ƙasa, sai ya zama inuwa. A liƙa soso mai tauri na hana zafi, kaurin milimita 25, tsakanin haƙarƙari, a bi kan fayif ɗin da siririn soso kafin a rufe, don ƙarfe yana kawo zafi ciki ko da an cika ramukan. Sannan fanka a rufi mai jan iska waje, da ƙananan tagogi biyu a ƙasa-ƙasa, masu ragar sauro. Wannan fankar ce kuma take hana raɓa ɗiga daga rufi a sanyin Jos ko Gembu.

Ƙura ba ta gaba take shiga ba. In mota tana gudu, iskar bayanta tana yin guguwa, ta tsotsi iskar cikin rumfa, ƙurar da tayoyi suka tayar ta bi ratar ƙofar baya. Da dare a kunna tocila a ciki, a tsaya a waje. Duk inda haske ya fito a toshe da robar ƙofa, musamman gefuna biyu da ƙasan ƙofar. Sai a yi ƙaramar kafa a sama mai fuskantar gaba, a sa mata matacin iska na ƙaramar mota. Iska mai tsabta tana shiga da ƙarfi, ta riƙa tunkuɗa ƙura waje.

Tambaya: In ana ruwan sama zan iya girki a ciki? Kuma ruwa nawa zai ishe mu mu biyu? (Daga Gyallesu)

Amsa: Hajiya, a yi girki a kan ƙofar baya, ƙarƙashin tamfol. Gawayi kuwa kada ya shiga ciki ko don jin ɗumi, janareta ma a kai shi nesa, a inda iska ba ta kaɗo hayaƙinsa. Gubar da suke fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Tukunyar gas mai kilo 6 ta isa. A ɗaure ta a tsaye cikin akwatinta, a huda ƙasan akwatin zuwa waje, don gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. A shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, in ta yi ƙwai a gyara. A rufe kan tukunya kafin a tashi mota. Abin kashe gobara mai kilo 2 ya zauna a bakin ƙofa.

Ruwa, da alwala da girki da sha da wanka na tattali, a ƙiyasta lita 12 zuwa 15 ga kowa a yini. Lita 80 kwana uku ke nan. Mun fi son jarka huɗu a kan tanki ɗaya: in ɗaya ta fashe saura uku, ana iya ɗauka zuwa rijiyar burtsatse, kuma ruwa ba ya kai-komo ya girgiza motar. A jera su a bangon gaba na bodi, a ɗaure. Farar jarka tana yin gansakuka a rana, a nemi mai duhu, a ware ɗaya don sha kawai.

Tambaya: Wane taya ya dace, kuma me zan riƙe na takardu? (Daga Wusasa)

Amsa: Taya mai alamar LT, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, kuma a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tayan, su ke nuna lokacin da aka ƙera shi: 2322 yana nufin mako na 23 na 2022. Wanda ya haura shekara biyar a bar shi, ko da zanensa bai cinye ba. Da kaya, tayoyin baya suna son ƙarin iska kamar yadda takardar jikin ƙofar direba ta nuna, a auna da safe kafin su yi zafi. A yashi a rage iskar zuwa psi 20 a ma'aunin iskar taya, a mayar da zarar an hau kwalta, don haka famfon taya mai aiki da batir dole ne. A riƙe bel, matacin dizal biyu, fiyus, igiyar ja, shebur da katako mai faɗi na ɗora jak.

Takardu: lasisi, inshora, takardar lafiyar mota, da shaidar mallaka. In an canza launi ko siffar bodi a je ofishin rajista a gyara takarda, don 'yan KASTLEA, masu kula da dokokin hanya a jihar Kaduna, da jami'an kiyaye haɗurra suna kwatantawa. Baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda. Mai shiga Nijar ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Kongolam zuwa Damagaram, ya riƙe fasfo, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da katin rigakafin shawara, kwastan ɗin can su ba shi takardar shigar mota ta wucin gadi. Ya tambayi direbobin tasha halin da iyaka da hanya suke ciki a wannan makon, don abin yana canzawa. A yada zango kafin magariba, a cikin gari, a gidan mai ko kusa da ofishin 'yan sanda. In ƙauye ne a fara gaida mai gari a faɗa masa ko su wane ne, shi zai nuna inda za a ajiye motar.