Yaron da ke tsallake haruffa da binciken kwamfuta

Maman Abba, kin ce ɗanki yana aji uku a Sabon Gari, yana da basira, amma sai ya rubuta "makata" a wurin "makaranta", kuma kin ji ana binciken dislekiya, wato wahalar koyon karatu da rubutu, da kwamfuta. Haka ne.

Masana suna gina manhaja mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta koyi haɗa harafi da sauti ta yawan maimaitawa. A 1999 masu bincike Harm da Seidenberg suka raunana sashen sauti na irin wannan manhaja, sai ta riƙa tuntuɓe a kalmomin Turanci da ba ta taɓa gani ba, kamar yadda yara masu dislekiya ke yi. Wato sau da yawa matsalar tana wajen rarrabe sauti ne, ba lalaci ba.

Na koyar da irinsu, kuma wallahi bulala ba ta gyara ko ɗaya ba, haka ma kwafar kalma sau ɗari. Ki riƙa tafa masa gaɓa-gaɓa, ma-ka-ran-ta, yana faɗa yana rubutawa da yatsa a rairayi.

Amma manhaja ba ta duba yaro. Ki kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a gwada jinsa da ganinsa, sannan ki nemi malamin ilimi na musamman.