Amsa ga mai neman littattafai da manhajar koyon rubutun fim

Ɗan'uwa, ka ce kana da labari a ka, amma ba ka san littafin da za ka fara da shi ba, da manhajar da ake rubutun fim da ita, da ko dole sai an saya.

Littafi ɗaya ya ishe ka a yanzu, shi ne Screenplay na Syd Field da ya fito a 1979. Shi ya shimfiɗa tsarin kashi uku: a rubutu mai shafi 120, shafi 30 na farko na gabatar da mutane da matsalarsu ne, 60 na tsakiya fafutuka da cin karo da cikas, 30 na ƙarshe warwara. Kafin kashin farko ya ƙare, dole wani abu ya faru da zai hana jarumi komawa rayuwarsa ta da. A nan rubutun 'yan koyo ke yawan macewa, ana shafi na 40 ana ta gaishe-gaishe, labari bai motsa ba. Save the Cat! na Blake Snyder, na 2005, ya fi sauƙin karantawa, ya raba labari matakai 15 har da shafin da kowane zai faɗo. Yana da amfani, amma wanda ya bi shi sau da ƙafa, mai kallo zai riƙa riga shi sanin abin da ke tafe. Story na Robert McKee kuwa, na 1997, ka bar shi sai ka gama daftarin farko, lokacin ne za ka gane abin da yake nufi.

Batun manhaja, aikinta tsara shafi ne kawai. Ƙa'idar ita ce rubutun Courier mai girma 12, da filin inci ɗaya da rabi a hagu, domin shafi ɗaya ya yi daidai da kusan minti ɗaya a fim. Da wannan furodusa ke ƙiyasta tsawon fim da kwanakin ɗauka. Final Draft ce manyan kamfanoni suka fi amfani da ita, tana da tsada, kuma mai koyo ba ya bukatarta. Trelby kyauta ce. WriterDuet na barin mutum biyu su yi rubutu a lokaci guda ta intanet. In waya kawai gare ka, koyi tsarin Fountain, rubutu ne zalla da manhajoji da yawa ke mayar da shi cikakken shafi. Kowace ka zaɓa, fara gwada ta da ɓ, ɗ, ƙ, ka fitar da PDF ka duba, domin wasu nau'ikan Courier ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai su fito kamar akwatuna.

Babban malaminka dai shi ne rubutun finafinan da aka riga aka yi. BBC tana ajiye na shirye-shiryenta da dama a intanet kyauta. Ka kula, wasu rubuce-rubucen da ake yaɗawa a wasu wurare maganganun 'yan wasa ne kawai aka kwafo daga fim, ba su da kan fitowa, wato layin da ke nuna wuri da lokaci, ko bayanin aiki, ba za su koya maka komai ba. Zaɓi fitowa ta minti uku, kalle ta sau biyu, rubuta ta da kanka, sannan ka buɗe ta ainihi ka kwatanta. Za ka ga ka cika magana, kuma kana rubuta abin da kyamara ba ta ɗauka. "Ladi tana baƙin ciki don ta tuna mahaifinta" ba abin ɗauka ba ne. Rubuta cewa Ladi ta ɗauki hularsa, ta kakkaɓe ƙurar, ta mayar inda take.

In kana jin Turanci sosai, saurari Scriptnotes, shirin murya na intanet na marubutan fim John August da Craig Mazin, tun 2011 suke yinsa, kuma wani lokaci suna ɗaukar shafi uku na rubutun masu sauraro su feɗe su. Kai kuma kada ka fara da dogon fim. Rubuta gajere mai shafi 5 zuwa 10, mutum biyu, wuri ɗaya, ka ba wasu su karanta da ƙarfi kana saurare. Duk layin da bakinsu ya harɗe a kai, sa masa alama ka sake shi.