Tukunyar yara daban take

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa a kowane suna ko walima nake sa ku ɗora wa yara tukunya daban, alhali ga shinkafa buhu guda a wuta, ga tsadar itace a nan Garwa ta Kamaru. To, saurara.

Babba zai jira liman ya shafa fatiha, ya jira maroƙi ya gama. Ɗan shekara 3 bai san wannan ba, shi ya sa nasu ke fara sauka. Miyarsu ba attarugu, namansu ƙanana, a dafa har ya yi luguf. Kifin Binuwai, ko giwan ruwa ne, ka bi tsokar da yatsa ka zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Tsire kuwa a zare shi daga tsinke, don yaro da tsinke a hannu idon ɗan'uwansa ne a haɗari.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shaƙewa. Soyayyar gyaɗa, aya, alewa mai tauri, dabino da ƙwallonsa, kada ka miƙa wa wanda bai kai shekara 5 ba, ko uwarsa ta ce ya saba. Wanda abu ya toshe wa maƙogwaro ba ya iya kuka. Shiru zai yi, ido a waje, ga kiɗa ya cika gida. Saboda haka a zaune za su ci, kan tabarma, da babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon bakinsu. Zuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Kafin ka zuba kunun gyaɗa, tambayi iyaye mata ko akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba.

Sai zafi. A Maris da Afrilu nan yakan haura digiri 40. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye, a irin wannan rana ma awa 1 ta isa. Folere, wato zoɓo, da tafasasshen ruwa ake haɗa shi, ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba ka bar wa mai ita. Mutanen Marwa, can arewa da mu, ba su manta kwalarar 2010 ba. Wankin hannu da buta da sabulu, ba kwano ɗaya kowa ya tsoma ba.

Makala, wato fanke, da cincin ka ɓoye su sai an cinye shinkafa, sannan ka ƙulla wa kowa nasa ya tafi da shi gida.