Tambaya da Amsa: Shin Ziyarar Ibada Zuwa Lourdes Tana Warkar da Marar Lafiya?

Tambaya: Fada, barka da aiki. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da shanyewar ɓarin jiki, wadda ta same ta sanadiyyar hawan jini, kuma har yanzu tana shan magani. Wata ƙungiya a cocinmu tana shirin ziyarar ibada zuwa Lourdes, ita kuma Mama ta ƙwallafa rai a kan tafiyar, tana cewa idan ta yi wanka da ruwan wurin za ta miƙe. Wasu sun ce mana idan da gaske muke sai ta ajiye magani, wai haɗa magani da ruwa mai tsarki alamar shakka ce. Shin ruwan yana warkarwa? Ya dace mu kai ta? Idan kuma ta dawo yadda ta tafi, rashin bangaskiyarmu ne ya jawo?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar jinyar da kike yi. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a cikin tambayarki. Kada Mama ta ajiye maganinta ko na kwana ɗaya, kafin tafiya, ko a can, ko bayan dawowa, sai da izinin likitanta. Wanda hawan jini ya taɓa kayar da shi, idan ya bar magani, yana cikin haɗarin ciwon ya sake buge shi, kuma bugu na biyu yakan fi na farko muni. Waɗanda suka ba ku wannan shawara wataƙila da kyakkyawar niyya suka yi, amma abin da suka faɗa ya saɓa wa koyarwar Ikkilisiyar Katolika. Littafin Sirak, a babi na 38, ya umarce mu mu girmama likita domin Ubangiji ne ya halicce shi, ya ce Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa kuma mai hankali ba ya raina su, sa'an nan ya haɗa addu'a da kiran likita wuri ɗaya. Barin magani domin a tilasta wa Allah ya nuna ikonsa shi ne gwada Ubangiji, abin da Yesu da kansa ya ƙi yi sa'ad da Shaiɗan ya ce masa ya diro daga ƙololuwar Haikali.

Domin a fahimci ruwan, sai an san yadda wurin ya samo asali. Lourdes gari ne a kudu maso yammacin Faransa, a gindin duwatsun Pyrenees. A shekarar 1858, wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Bernadette Soubirous, 'yar talakawa kuma mai fama da ciwon asma, ta ba da labarin cewa wata mace ta bayyana gare ta sau 18 a kogon Massabielle da ke bakin kogin Gave, daga ranar 11 ga Fabrairu zuwa 16 ga Yuli. A ranar 25 ga Fabrairu aka ce mata ta je ta sha daga maɓuɓɓuga ta kuma wanke jikinta, sai ta tona ƙasa da hannunta, ruwa mai laka ya fito, daga baya ya washe, kuma har yau yana gudana. A shekarar 1862, bayan bincike na kusan shekara huɗu, Bishop Laurence na Tarbes ya tabbatar cewa masu bi suna iya yarda Budurwa Maryamu ce ta bayyana. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a cikin saƙon da Bernadette ta isar babu alkawarin warkar da cuta. Abin da aka nema shi ne tuba, da yin addu'a domin masu zunubi, da gina ɗakin sujada, da zuwa wurin cikin jerin gwano. Warkarwar ta biyo baya ne a matsayin kyauta daga Allah, ba wanda ya ƙulla yarjejeniya a kanta.

Shi kansa ruwan an gwada shi tun a shekarar 1858, aka same shi ruwan sha ne mai kyau irin na yankin duwatsu, babu wani sinadari na musamman a cikinsa da ke kashe cuta. Hukumar wurin ba ta ɓoye wannan, kuma kyauta ake ɗibarsa a famfunan da ke kusa da kogon, saboda haka duk wanda ya sa masa farashi yana cewa waraka yake sayarwa, a guje shi. Darajar ruwan tana cikin abin da yake nunawa: yana tuna mana da baftismarmu da wankewar zunubi, kuma sha ko wanka da shi addu'a ce da mutum yake yi da jikinsa. Haka Na'aman ya yi wanka sau bakwai a kogin Urdun bisa umarnin annabi Elisha, bayan ya yi gardama cewa kogunan Dimashƙu sun fi shi kyau. Ta fuskar ruwa kam yana da gaskiya, amma biyayyarsa Allah ya duba.

To, ana warkewa a Lourdes? Ana warkewa, kuma ina gaskata haka da zuciya ɗaya. Amma yana da kyau ki san irin tsananin da Ikkilisiya take yi kafin ta kira wani abu mu'ujiza, domin a nan ne za ki ga bambancinta da masu yayata al'ajibai a kowane taro. Tun shekarar 1883 akwai ofishin likitoci a wurin, wanda aikinsa shi ne karɓar bayanin duk wanda ya ce ya warke da kuma bincikarsa, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowane likita, ko mai bi ne ko ba mai bi ba. Idan lamari ya tsallake wannan mataki, sai a miƙa shi ga kwamitin likitoci na ƙasa da ƙasa, wanda yake aiki a wannan siffa tun 1954. Ma'aunin da ake bi ya samo asali daga Kadinal Prospero Lambertini, wanda ya zama Fafaroma Benedict na 14 a ƙarni na 18: dole cutar ta kasance mai tsanani, an tabbatar da ita da shaidar asibiti, warkewar ta zo farat ɗaya, ta zama cikakkiya, ta ɗore shekaru ba tare da ciwon ya dawo ba, kuma ya kasance maganin da aka yi ba zai iya bayyana ta ba. Likitocin ba su da hurumin cewa mu'ujiza ce. Iyakar abin da za su faɗa shi ne ilimin likitanci na yanzu bai iya bayyana abin da ya faru ba, daga nan sai bishop na dayosis ɗin wanda ya warke ya yanke hukunci.

Sakamakon wannan tankaɗe da rairaya shi ne, daga cikin mutane fiye da 7,000 da aka rubuta labarin warkewarsu, waɗanda aka amince da su a matsayin mu'ujiza sun ɗan haura 70 kawai, alhali miliyoyin mutane ne suke zuwa kowace shekara. Bari in ja kunne a nan, domin na san yadda zuciya take lissafi: sharaɗin nan na cewa magani bai bayyana warkewar ba, doka ce ga masu bincike bayan abu ya faru, ba a kafa ta domin marar lafiya ya bar magani ba. Mama tana neman lafiya ne da kusanci da Allah, shigar sunanta cikin kundin likitoci ba ya cikin buƙatunta.

Labarin da ya fi koya mini darasi shi ne na Sista Bernadette Moriau, 'yar Faransa, wadda ta yi shekaru kusan 40 tana fama da ciwon jijiyoyin ƙashin baya, tana ɗaure da ƙarafan tallafi, tana shan magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Ta je Lourdes a watan Yuli na 2008, ta koma gida da ciwonta, sai bayan 'yan kwanaki, bayan addu'a a ɗakin sujadar gidansu, ta cire ƙarafan ta taka da ƙafarta. An shafe shekara 10 ana bincike kafin Bishop na Beauvais ya sanar da ita a matsayin mu'ujiza ta 70 a ranar 11 ga Fabrairu, 2018. Ki lura cewa a gida abin ya same ta, nesa da maɓuɓɓugar, wanda ke nuna cewa ba mu ne muke tsara wa Allah wuri ko lokaci ba.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda na ga ita ce ta fi damunki. Idan Mama ta dawo a kan kekenta na marasa lafiya, wannan ba hujja ba ce cewa bangaskiyarta ko taku ta gaza, kuma duk wanda ya faɗa mata haka ya ɗora mata kaya a kan kaya. Bernadette da kanta, wadda hannunta ya tona maɓuɓɓugar, ba ta warke ba. Ta rayu da asma, daga baya tarin fuka ya ci ƙashin gwiwarta, ta rasu a garin Nevers na Faransa a ranar 16 ga Afrilu, 1879 tana da shekara 35, kuma Fafaroma Pius na 11 ya sanya ta cikin waliyyai a 1933. Tun a bayyana ta uku an gaya mata cewa ba a yi mata alkawarin jin daɗi a wannan duniya ba, sai a mai zuwa. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Fafaroma John Paul na Biyu, wanda ya kafa Ranar Marasa Lafiya ta Duniya a 1992 ya kuma ɗora ta a kan 11 ga Fabrairu, ya je Lourdes a watan Agusta na 2004 jikinsa na rawa, maganarsa da ƙyar, ya koma da ciwonsa, ya rasu a shekarar da ta biyo. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan mutane bangaskiya ce ta yi musu ƙaranci. Saboda haka ku roƙi lafiyar jikinta gabagaɗi, ba tare da jin kunya ba, domin Yesu ya warkar da mutane da yawa da suka roƙe shi lafiya, amma ku rufe roƙon yadda shi ya rufe nasa a Getsamani, da barin komai ga nufin Uba.

Me ziyarar za ta ba ta ke nan wanda za a iya dogara da shi? Dokokin Ikkilisiya, a inda suka yi magana a kan wuraren ziyara, sun ce a irin waɗannan wurare a wadata masu bi da hanyoyin ceto fiye da yadda aka saba, wato wa'azin Maganar Allah, da Yukaris (Jibin Ubangiji), da sakramentin tuba. Waɗannan su ne ƙashin bayan tafiyar. Sa'ad da mutane huɗu suka buɗe rufin gida suka zura shanyayye a gaban Yesu, kamar yadda Markus ya rubuta a babi na 2, abin da ya fara yi masa shi ne gafarta zunubansa, sai daga baya ya ce ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa. Doguwar jinya tana barin rauni a zuciya wanda ba a gani: fushi da Allah, jin cewa mutum ya zama nauyi a kan 'ya'yansa, tsoron mutuwa, tsohuwar gaba da wani ɗan'uwa da ba a sasanta ba. Ina shawartar Mama ta furta zunubanta a gaban Fada cikin natsuwa, ta kuma karɓi shafewar marasa lafiya da mai, bisa abin da Yaƙub ya umarta a babi na 5 na wasiƙarsa. Mutane da yawa suna tsoron wannan sakramenti domin sun ɗauka na masu shirin cikawa ne kaɗai, alhali na duk wanda ciwo mai tsanani ko tsufa ya raunana ne, kuma ana iya maimaita shi idan ciwon ya ƙaru.

Akwai kuma abin da ba a samunsa a cikin littafi. A Lourdes marasa lafiya ne a sahun gaba. A lokacin ziyara, daga Afrilu zuwa Oktoba, kowace yamma ana jerin gwano da Yukaris tare da sa wa marasa lafiya albarka, da dare kuma a yi na kyandir ana addu'ar Rosari cikin harsuna da yawa, masu aikin sa kai suna tura kekunan marasa lafiya a gaban kowa. Mace da ta yi shekaru a ɗaki tana jin duniya ta manta da ita, idan ta ga dubban mutane suna buɗe mata hanya, wani abu yakan gyaru a cikinta. Ke ma mai jinya kina buƙatar wannan sabuntawa, kada ki je a matsayin mai tura keke kawai.

Game da ko ya dace ku kai ta, likitanta ne zai fara magana, musamman a kan doguwar tafiyar jirgin sama, domin dogon zama yana iya jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa ga mai irin ciwonta. Idan ya amince, ku tafi da takardun asibitinta da magani wanda zai wuce kwanakin tafiyar, ku kuma tabbatar ƙungiyar tana da likita ko ma'aikaciyar jinya, kuma ta tanadi masauki mai dacewa da mai keke. Tun kafin a tashi, ki zauna da Mama, ko ki roƙi Fadan cocinku ya zauna da ita, a yi mata bayanin nan a hankali ba tare da an kashe mata gwiwa ba, domin wanda ya tafi da tabbacin cewa dole ya miƙe yana iya dawowa da karyewar zuciya da ta fi ciwon. Kada ku ci bashin da zai hana sayen maganinta daga baya.

Idan likita ya hana, ko hali bai yi ba, babu laifi a kanku. Ziyarar irin waɗannan wurare ba farilla ba ce a Katolika, kuma Katekizim, littafin koyarwar Ikkilisiyar Katolika, ya bayyana cewa bayyanar da aka yi wa wasu mutane daga baya, ko da Ikkilisiya ta amince da ita kamar ta Lourdes, ko ta Fatima a Fotugal a 1917, ko ta Kibeho a Ruwanda, ba ta cikin tushen bangaskiyar da ya wajaba a kan kowa. Sakramentin da za a ba ta a can shi ne dai wanda Fada zai kawo mata har bakin gadonta. Kuna iya kai ta wurin ziyara mafi kusa da ku, ko ki rubuta roƙonta ki ba wani daga cikin masu tafiya ya ajiye a kogon, a kuma kawo mata ruwan ta sha ta shafa a fuska tana addu'a, tana ci gaba da maganinta a kan lokaci.