Ina mahaya keke za su yi wanka bayan tseren cikin taɓo?

Malam, ka ce za ku yi tseren keke cikin taɓo da damina, amma ba wurin wanka da canza kaya. A Beljiyam, inda wasan ya fi karɓuwa, manyan 'yan tsere da motarsu mai banɗaki suke zuwa. Mu nan Kano, rumfar da aka kewaye da tamfol ta wadatar, ta mata daban, nesa da 'yan kallo. Ku shimfiɗa katako a ƙasa, ku yi ciniki da 'yan garuwa tun jajibiri. Kada a wanke keke a wurin. Mun taɓa yi, nan take ya zama kwata. Wanda ya yanke kuma taɓo ya shiga ciwon, a wanke da sabulu, a kai shi asibiti.