Amsa: Kai ɗalibai Guanajuato lokacin bikin Cervantino

Malam, ka tambaya ko ya fi dacewa ɗalibanka su fara da bikin al'adu na Cervantino ko da zagayen tsofaffin garuruwan da Turawan Sifaniya suka gina a Meziko. Shawarata ita ce ku fara da garuruwan.

Tun 1972 ake gudanar da wannan biki a Guanajuato, a watan Oktoba, kuma a lokacin garin yakan cika maƙil, masauki ya yi wuya, don haka ku kama ɗakuna tun da wuri. Idan kuka fara kwana biyu a San Miguel de Allende, sannan kuka isa Guanajuato, ɗalibai za su samu natsuwar fahimtar cewa azurfar da 'yan ƙasa suka haƙo da gumin goshinsu a mahaƙai irin su Valenciana ce ta gina da yawa daga cikin majami'u da manyan gidajen Guanajuato. Kada ku tsallake Alhóndiga de Granaditas, rumbun hatsin da masu neman 'yanci suka afka wa a 1810, domin a can ne tarihin mulkin mallaka yake fitowa fili.

Garin yana kan tudu, kusan mita 2,000 sama da teku, titunansa kuwa hawa da gangara ne, saboda haka kada ku cika jadawalin ranar farko.